Rabin zanen Bi Mwatima

Shekara sha tara Bi Mwatima tana suyar kifi a Kendwa, wani ƙauye a kan tsibiri, gab da gidajen rawa, ba ta taɓa raba zane da kowa ba sai Ilona, Baturiyar nan mai ɗora bidiyo a intanet. Zanen kanga falle biyu ake sayarwa. Ta tsaga, ta ba yarinyar ɗaya, su ɗaura ranar sallah.

Ana cikin azumi Ilona ta ɗora bidiyon mashaya ba izini, wani ya kai ƙara, aka kore ta daga tsibirin.

"Yaya, zanen nan asu kike wa ajiya?" in ji maƙwabciyar Bi Mwatima bayan sallah ta wuce.

"Ina ruwanki? Ita ma ba ta ɗaura nata ba. Kullum ina duba bidiyonta."