Damman da Suka Kwana a Gona

Har gobe ba na son warin dafaffiyar tafasa. Da na ji shi sai hankalina ya koma gidanmu na Balan, shekarar da 'ya'yan sarki suka yi basasa a kan gadon Kano.

Ina yarinya lokacin, ko tallan fura ban fara ba. Babana da ƙanensa, Baffa, gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya muke ci. Sai rigimar ta iso har ƙauye. Baba ya ce shi na sarkin da ke birni ne, Baffa ya ce shi na waɗanda suka fita Takai ne. Ka ji fa! Mutanen da ko ƙofar fada ba su taɓa leƙawa ba. Baba iyakarsa Gaya, Baffa kuwa in ya je kasuwar Ajingi sai ya dawo yana hura hanci kamar ya sauko daga Makka.

Gero ya yi kyau a shekarar. Aka girbe, aka ɗaure, dammai suka taru a gona har sun fi ni tsawo. To, al'adarmu ba a kai dami rumbu sai an fitar da zakka, ɗaya cikin goma, a miƙa wa dagaci ya wuce da ita sama. Nan fa aka tsaya. Sama wajen wa? Baba ya rantse gumin jikinsa ba zai ciyar da 'yan tawaye ba. Baffa ya rantse ko zangarniya ɗaya ba za ta je birni ba.

Kakarmu ta fito da sandarta ta ce, "Ku ware zakkar gefe, ku kawo mana sauran gida."

Baba ya ce, "Inna, ba maganar mata ba ce."

Baffa ya gyaɗa kai. Wallahi a wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Dammai suka yi ta kwana a gona. Gara ta fara ci daga ƙasa, su kuwa suna zaune a zaure, kowa da 'yan korensa, ana lissafin wane gari ya faɗi, wane ya yi mubaya'a. Wata safiya mayaƙa suka biyo ta hanyar Kademi da jakuna. Ba su tambayi na wa ne ba, ba su faɗi na wa suke ba. Suka loda komai, har igiyoyin.

Da damina ta sauka, tafasa muka ci, safe da yamma, ba ƙuli ba gishiri. Ƙanina da aka yaye a lokacin bai ga sabon gero ba. Ko a wajen binne shi, sai da Baba ya ce mutanen Baffa ne suka kwashe hatsin, Baffa ya ce ƙarya ne. A haka suka tsufa. Wanda ya ci sarautar kuwa bai taɓa jin sunan ɗayansu ba. Ban yafe wannan wautar ba, kuma ba na ɓoyewa.

Yanzu, bayan shekara sittin da 'yan kai, ga zaɓe ya zo. Jikokina biyu sun daina gaisawa saboda jam'iyya, gyaɗarsu tana ƙasa ba a cire ba. Jiya na sa aka dafa musu tafasa zalla, na kira su.

Babban ya yatsine fuska ya ce, "Kaka, wannan fa?"

Na ce, "Rabonku ne. Ku fara sabawa tun yanzu."