Ɗan Tsamiya Guda Ɗaya

Shekarun baya, ina sabuwar malama a ajin 'yan shekara uku a wata makaranta a Badariya, na yi wani kuskure da har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa.

Ni mace ce mai son tsari. Yara su shigo a layi, takalma a bakin ƙofa, kwandon abinci a jikin bango. A ganina wannan shi ne koyarwa, kuma ina ji da kaina. Da muka zo kan ƙirga, sai na tuna yadda aka koya mana a Argungu. Na tara 'ya'yan tsamiya, na wanke, na shanya, na ba kowane yaro goma.

Da aka gama na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karɓa. Na wata yarinya tara ne. Na duba ƙasan tabarma, na kakkaɓe rigarta, na buɗe tafin hannunta. Babu. Sai na lura tana numfashi da baki, hancinta ɗaya yana yoyo.

"Ina ɗayan?" na tambaye ta.

Ta ɗaga yatsa ta nuna hanci.

Na jawo wayata. Shugabar makaranta ta tafi biki Ambursa, wayarta ba ta shiga. Na haska fitilar waya, ga shi can ciki, baƙi, yana ƙyalli.

Innar da ke mana shara ta leƙo. "Mi ya samu ɗiyar ga? Haba Malama, wannan ne ya sa kike rawar jiki? Bari in shaƙa mata garin taba, atishawa guda ya fito."

Na ce a'a. Abokiyar aikina ta ajin sama ta zo da tsinken ashana, nan ma na riƙe hannunta. Sai ta ja ni gefe ta rage murya.

"Saura minti ashirin a tashi. Ki share mata hanci ta tafi. A gida ma yara na cusa abu, wa ya san inda ta samo? Watanki biyu a nan, kina so a sallame ki?"

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya na yi tunanin maganarta. Ina son aikin, kuma mahaifiyata ta sha wahala kafin na samu takardar malanta. Amma na kalli yarinyar na tuna za ta kwanta barci da abin nan a hancinta, kuma ba wanda ya sani sai ni.

Na bar wa abokiyar aikina ajin, na goya yarinyar, na tare Keke Napep. A hanya na kira mahaifiyarta, 'yar kudu ce mai shagon atamfa a kasuwa. Duk ramin da muka faɗa sai na sa kunne in ji ko tana numfashi. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

Mahaifiyar ta riga mu isa asibiti, ɗankwalinta a hannu.

"Malama, wa ya ba ta?"

Na ce, "Ni ce. Ni na raba musu."

Ta karɓi 'yarta daga bayana ta wuce ciki. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Nas ta sa muka riƙe yarinyar, ni ƙafafu, uwar kai. Yarinyar tana ihu tana kiran "Anti! Anti!", ni ce Antin. Da aka ciro ɗan tsamiyar ya riga ya fara kumbura. Nas ta ɗaga shi ta ce da ya kwana, ko da an tura shi ciki da tsinke, da labarin ya canza. Ta tambayi wace mai hankali ce ta ba 'yan shekara uku wannan. Na sake cewa ni ce.

Washegari shugaba ta yi mini faɗa a gaban kowa, na kuma cancanta. Ina tsaye ina jiran takardar sallama sai ga mahaifiyar riƙe da hannun yarinyar. Ta ce wa shugaba, "Jiya na so in cire ta daga makarantar nan. Amma wannan ta faɗa mini gaskiya sau biyu. A ajinta za ta zauna." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, tsamiya ta kunu ce."

A ranar na gane aikina ya wuce layi da ƙirga. Mutane ne ke miƙo mini ransu da safe, su tafi kasuwa da gona, ba su da shaida sai bakina.

Yanzu ni ke karɓar sababbin malamai. Ranar farko, kafin su taɓa alli, nakan sa su durƙusa su rarrafa ajin daga bango zuwa bango, su tsince duk abin da zai shiga hanci. Sukan yi dariya suna kakkaɓe gwiwa. Ni ba na yi.