Ranar Da Ƙanena Ya Yi Mini Bayani Da Rariya

Ni dai hatsi na sani. Da jaki ɗaya na fara, ina ɗauko gero daga Kurya Madaro zuwa Ƙaura, har Allah ya sa na mallaki sito biyu, ɗaya a Ƙaura, ɗaya a Shinkafi. Na Shinkafin shi ya dame ni a shekarar da nake magana, don hanya ta lalace da 'yan bindiga, ban iya zuwa kowace Alhamis ranar kasuwa, kuma ba kowa ake damƙa wa mabuɗi ba. Sai na sa rai ga ƙanena, wanda ni na sa shi makaranta har ya zama dakta a ilimin haɗa sinadarai. An kira shi aiki a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, na shekara uku. Ni kuma ina son ya dawo ya riƙe mini Shinkafi. Tsohuwarmu ta ce abin da babba ya yanke shi ke nan, shi ma ya ce ba zai tsallake maganata ba.

Ya same ni a sito da hantsi, ana sauke dawar Moriki. Na ce masa, "Dakta, ban taɓa sayen buhun da ban soka ba. Kai ma sai na soke ka. Mi kaka yi a wurin aikin nan naka? In na gane, mu yi magana. In ban gane ba, ga mabuɗi."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe yau ni ne dawar."

Ya aro rariya wurin matar da ke mana tankaɗe, ya tsuguna a ƙasa da farar rigarsa. Ya ce akwai magunguna, har da wasu na ciwon suga, waɗanda jikinsu sarƙa ce ta ƙananan sinadarai, kowane a gurbinsa, in aka musanya ɗaya magani ya tashi aiki. Sarƙar ita suke kira feftaid. Ɗaya bayan ɗaya ake jona su a cikin ruwan magani, kuma wahalar ita ce duk sanda ka jona ɗaya sai ka raba sarƙarka da tarkacen da ya rage, ga ta kuwa ido ba ya ganinta.

Sai ya jefa tsakuwa cikin rariyar, ya ɗebo yashi ya zuba a kai, ya girgiza. Yashi ya zube, tsakuwa ta tsaya. Ya ce dabarar ke nan: ana ɗaure farkon sarƙar a jikin wasu ƙwayoyin roba, ƙanana kamar tsaki, waɗanda ba sa bin matata. A zuba sinadari na gaba ya kama, a wanke, tarkace ya wuce, sarƙa tana nan maƙale. A sake zubawa, a sake wankewa. In ta kai tsawonta a yanke ta daga jikin robar.

Wallahi sai da na tashi daga kan buhun da nake zaune. Abin ya yi mini kyau ƙwarai, don irin wayon da nake so ke nan, wanda in an nuna maka sai ka ji haushin ba kai ka fara tunaninsa ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Na daɗe da sanin cewa duk juyin da aka yi wa hatsi sai ya ragu, daga masussuka zuwa buhu, daga buhu zuwa mota, daga mota zuwa sito.

Na ce, "Tsaya. Sau nawa kuke wanga zubi?"

Ya ce wani lokaci talatin.

"Kuma kowane zubi duka suke kamawa?"

"A'a, akan samu masu ƙi."

"To ai ko ɗaya bisa ɗari ke ƙi, kafin ka kai talatin wajen rubu'in kayanka ya lalace. Kuma gurɓatattun suna cikin masu kyau, launinsu ɗaya. Wa ka sayen wannan?"

Ƙanena ya saki rariya ya miƙe, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, har masu dako suka tsaya da buhuna a ka suna kallonmu. Ya ce, "Yaya, aikina ke nan! Wannan da ka faɗa, shi nake yi shekara biyar!" Ya ce in sarƙar ta yi tsawo sai ta nannaɗe ta manne da 'yan'uwanta, bakinta ya ɓuya, sabon sinadari ya rasa inda zai kama. Shi kuma ya gano wani haɗin ruwa da ke sa ta warware a wasu irin sarƙoƙi masu taurin kai, shi ya sa ake kiransa ya gwada a kan waɗanda suka fi tsawo.

Na ce, "Yaya kake sanin ta kama, tunda ba ka gani?"

Ya ciro waya ya nuna mini hoton 'yan kwalabe biyu. Ya ce bayan kowane zubi yakan tsinci ƙwayoyi kaɗan ya ɗiga musu wani ruwa ya ɗumama. In sun yi shuɗi, akwai waɗanda ba su kama ba, sai ya maimaita. In ba su yi ba, ya wuce gaba. Na tambaye shi ko yakan tsallake gwajin in yana sauri. Ya ce sau ɗaya ya taɓa yi, ya yi asarar aikin wata biyu, bai ƙara ba.

Nan na gama yanke shawara, ko da yake ban faɗa ba sai da muka yi azahar. Mutumin da ke duba kayansa a kowane mataki zai riƙe sito da kyau, na sani, kuma abin da ya sa na ji zafin sakinsa ke nan. Amma masu iya riƙe sito suna da yawa tsakanin Ƙaura da Zurmi, in na nema da haƙuri.

A ƙofar masallaci na ce masa ya je ya shirya takardunsa. Ya tsaya yana kallona, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce, "Sa ɗayan mu tafi, ni zan gaya wa Inna da bakina."