Ƙanen Baba Auduga

A layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani shago mai zurfi, ƙofarsa kullum a buɗe. Idan rana ta karkata, haske kan shigo ta wata ƙaramar taga can kusa da rufi, sai ka ga ɓurɓushin auduga yana yawo a cikinsa a hankali, ba ya sauri, ba ya sauka. Nan Baba Auduga ya yi rayuwarsa. Katifa yake ɗinkawa da matasan kai, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Tun yana saurayi aka laƙaba masa sunan, saboda kansa da girarsa kullum fari fat suke. Da furfura ta zo daga baya, ba wanda ya lura da zuwanta.

Aikin nasa na masu haƙuri ne. Zai farke tsohuwar katifa, ya zazzage audugar da ta dunƙule, ya shanya ta, ya sa baka ya shiɓe ta har ta tashi ta yi laushi, sannan ya cusa ta cikin sabon yadi, ya bi da basilla yana ɗinkewa gida-gida. Hannunsa na aiki, hankalinsa na wani wuri. Sau da yawa mai saye zai yi sallama har ya gaji, Baba na kallon tagar nan yana murmushi shi kaɗai.

Su biyu iyayensu suka haifa, shi da ƙanensa Auta. Shi Auta ba mazauni ba ne. Auduga na sa shi atishawa, zaman shago na sa shi hamma. Wata safiya, gemu bai ma fito masa ba, ya rataya jaka ya ce zai je ya ga inda layin dogo ya ƙare. Baba ne ya raka shi tasha, ya tsaya yana ɗaga hannu har jirgin ya zama ɗigo. Auta bai dawo ba, bai aiko ba. Mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu ta bi shi, idonta na kan ƙofa har ƙarshe. Baba ya yi aure, ya samu 'ya ɗaya da yake kira Uwata, mai ɗakinsa ita ma ta riga shi gidan gaskiya. Duk cikin shekarun nan, duk wanda ya zauna jiran katifarsa sai ya ji labarin Auta: yadda yake dariya da kai a sunkuye, yadda ya taɓa faɗowa daga bishiyar bayan gida ya fasa gwiwa, waƙar da mahaifiyarsu ke yi masa idan ya ƙi barci. Mutanen layin duk sun haddace.

Wata ranar damina, ana yayyafi, wani dattijo ya tsaya a bakin shagon. Dogo ne, mai tsabta, riƙe da tsohuwar jakar fata. Bai yi sallama ba. Ya dubi rufi, ya dubi bango, ya shaƙi iskar wurin, sai ya yi atishawa.

"Har yanzu ba ta bar ni ba," in ji shi a hankali. Ya sunkuyar da kai yana dariya, idonsa na kawo ruwa. "Yaya, ba ka gane ni ba?"

Basilla ta faɗi daga hannun Baba. Abin da ya iya tunawa daga baya shi ne ƙarar ruwa a kan kwanon rufi, da sanyin rigar mutumin sa'ad da ya durƙusa ya rungume shi.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya yi su kamar mai tafiya cikin gajimare. Ya share ɗakin mahaifiyarsu, ya ɗinka sabuwar katifa da audugar da ya daɗe yana ɓoyo, wadda bai taɓa yarda ya sayar ba. Da yamma sukan zauna a kan tulin yadi a shago, baƙon yana ba da labarin inda ya shiga. Ya ce layin dogon a bakin teku ya ƙare, shi kuma ya zarce. Ya yi aiki a jiragen ruwa tun daga mai wanke bene har ya zama kyaftin. Ya ba da labarin wata safiya da teku ta kwanta lamo kamar madara a ƙwarya, har ba ka bambance ruwa da sama, da wani tsuntsu da ya sauka a kan jirginsu ya ƙi tashi sai da suka ga ƙasa. Baba na saurare, ido a lumshe, yana jin shagon na lilo a ƙarƙashinsa.

"Me ya hana ka aiko ko da gaisuwa ce?" ya tambaye shi sau ɗaya.

"Kunya, Yaya. Na ce sai na zama wani abu. Da na zama, sai kunyar daɗewar ta kama ni."

Baba bai sake tambaya ba. Sai su koma hirar da.

"Ka tuna bishiyar nan?"

"Wayyo, bishiyar..."

"Ta bayan gida, wadda ka faɗo."

"Ina zan manta? Har yau idan hadari ya haɗu sai gwiwar ta gaya mini."

Uwata ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a wata unguwa, takan leƙo bayan ta tashi aiki. Ta gaida baƙon da ladabi, ta kira shi Baffa, ta kawo masa abinci da hannunta. Amma tana zaune tana kallo. Wata rana ta ja mahaifinta tsakar gida.

"Baba, ka lura da wani abu? Baffa bai taɓa fara zancen da ba. Kai kake farawa, shi ya ƙarasa."

"To laifi ne? Mutumin da ya ga duniya, ki ce ya riƙe sunan kowace bishiya?"

"Na ga gwiwarsa ranar da yake wanke ƙafa. Babu tabo."

"Tabon yaro girma ke cinye shi. Uwata, ki bar ni in ji daɗin ɗan'uwana. Nawa ya rage mini?"

Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ta yi haske kamar ta ango, sai ta haɗiye sauran maganar.

Kafin damina ta wuce, Kyaftin ya zama ɗan layi. Shi ke raba faɗan maƙwabta, shi ke duba wa mai aski takardar asibiti, shi ke ba tela shawara kan ɗansa da ya ƙi karatu. Bai taɓa roƙon kowa komai ba. Sai dai wata rana, cikin hira, ya ambata cewa kamfanin jiragen da ya yi wa aiki na neman samari masu hankali, kuma har yanzu maganarsa na da nauyi a can. Ya ma nuna kamar ya yi suɓutar baki. Washegari iyaye suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna rage murya. Yana ƙi, suna nacewa. Wannan ta sayar da sarƙarta, wancan ya rabu da kekensa, don a yi wa yara hanya. Wanda zuciyarsa ta yi rawa sai ya leƙa shago ya tambayi Baba.

"Ƙanena ne, ciki ɗaya," Baba kan ce, hannu a ƙirji. "Ku kwantar da hankalinku."

Ranar da Kyaftin zai je ya kammala maganar samarin, ya ce rigarsa ba ta dace da shiga ofis ba. Baba ya buɗe akwati ya ɗauko kwat ɗin mahaifinsu, ya karkaɗe, ya sa masa da kansa, ya ɗaura masa agogon tsohon. Ya ce zai raka shi tasha.

"A'a, Yaya, zauna. Jibi war haka muna nan muna hira."

Jibi ta zo ta wuce. Mako ya bi mako. Da farko mutane na tambaya da murmushi, daga baya murmushin ya ɗauke. Mai aski ne ya fasa ƙwan: ya ce kafin ranar yayyafin nan, mutumin ya yi kwanaki yana zuwa aski da gyaran gemu, yana jan sa da hira kan mutanen layi, shi kuwa ya zuba masa labarin Auta kaf, har da atishawar.

Baba bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya wanke kansa, ya sa tufafinsa masu kyau, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, domin da bakinsa aka ci mutane. Wasu suka ce, "Haba Baba, ai kai aka fi cuta." Wasu suka rufe ƙofa kafin ya gama sallama. Ya dawo shago ya ci gaba da shiɓa. Sai dai ya daina ba masu saye labari. Ɗakin mahaifiyarsu kuwa bai taɓa komai a ciki ba. Uwata ta taɓa samunsa tsaye a bakin ƙofar yana kallon gurbin da jikin mutumin ya bari a katifa.

"Na san ba shi ba ne," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Amma gidan ya yi daɗi da mutum a ciki."

Sai da wata daminar ta kewayo 'yan sanda na wani gari suka aiko: an kama wani yana duba marasa lafiya da sunan likita, ana neman duk wanda ya san fuskarsa. Uwata ta ɗauki hutu ta raka mahaifinta. Ranar ce ya fara hawa jirgi, shi da ya tsufa yana jin kukansa. Ya manna goshi a gilashi, gonaki da garuruwa na wucewa kamar ana jan yadi, har suka sauka.

A barandar ofishin akwai dogon benci cike da mutane. Wata mata mai gilashi ta ce ita a matsayin likita ta san shi, saura kaɗan ta ba shi ƙanwarta. Wani shugaban makaranta ya ce wurinsu mai duba makarantu ne daga babban birni, har liyafa suka yi masa. A ƙarshen bencin wani tsoho ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ya dogara haɓa a kan sanda.

"Kai fa, me ya zama a wurinka?" tsohon ya tambayi Baba.

"Ƙanena. Kyaftin ɗin jirgin ruwa."

Tsohon ya ɗago. "Jirgin ruwa? Ya ba ka labarin tsuntsun da ya ƙi tashi?"

"Ya ba ni."

"Tsuntsuna ne. Ni na yi aikin jirgi. Shi ko kwalekwale ban ce ya taɓa hawa ba. Ya zo mini a matsayin ɗan da na haifa a wata tashar ruwa ban sani ba, ya shekara yana cin abincina yana kwashe labaraina." Sannan ya ce, "Ya iya saurare, ɗan banzan. Ba wanda ya taɓa saurarona kamarsa."

Matar mai gilashi ta sa baki: su kuma ya gaya musu cewa shi ɗan mai katifa ne, ya taso cikin auduga, yayansa ne ya yi ta ɗinki har ya ga ya zama likita. Ta ce duk sa'ad da ya ambaci yayan nan sai ya share hawaye.

Da aka shigar da Baba, mutumin na zaune a bayan tebur, an aske masa gemu, ya ƙanƙance. Yana ganinsa fuskarsa ta buɗe.

"Yaya! Ka rame."

Baba ya zauna. Ya daɗe yana kallonsa, yana neman fushin da ya taho da shi, bai same shi ba.

"Abu ɗaya na zo tambaya. A yawonka, ka taɓa haɗuwa da Auta? Ko ka ji labarinsa?"

Mutumin ya karkata kai, ya yi masa irin kallon da tela ke yi wa mai awo. "In kana so in ce na gan shi, sai in ce. Zan faɗa maka da daɗi."

"A'a. Bar shi." Baba ya numfasa. "To kai, mene ne sunanka?"

"Wanne daga ciki?"

Baba ya miƙe, ya ce wa jami'in da ke tsaye, "Shi ne," ya fita.

An ɗaure mutumin. Abin da ya kwasa bai dawo ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Layi ya huce a hankali, waɗanda suka rufe ƙofa suka dawo da gaisuwa, ɗan tela ma ya koma makaranta.

Shi kuwa tsohon matuƙin, a bakin ofishin ya yi ƙorafin ciwon baya, Baba ya ce laifin shimfiɗa ne, ya zo ya gwada tasa. Ya zo da niyyar kwana biyu ya yi wata. Daga nan duk shekara sai ya zo, har ƙarshen rayuwarsu. Yakan miƙe a kan katifar da ba a gama ɗinkewa ba, sanda a gefe, suna musu kan abin da bai kai ya kawo ba. Babban musunsu shi ne na girma.

"Ka riƙa gaishe ni da kyau," tsohon kan ce. "Mutumin nan ɗana ne, ƙanenka ne. Ka ga ni ubanka ne ke nan."

"Uban da na girme shi? Tashi mini daga kan aiki."

Uwata na shigowa da abinci sai ya kama ta shaida. "Jikata, gaya masa gaskiya."

"Ni ba ruwana, Kaka," takan ce tana ajiye kwano. "Ku ci tun da zafi."