Wanda ya yanke min katifa

Maƙwabciya, rubuta yadda na faɗa.

Na yaye zanen gado, sai ga katifata an yanke ta da reza, daidai inda nake sa kai. Na ce sammu ne. Kwana uku a tabarma nake kwana, har na ɗaure kaya zan bar Garwa.

Ashe ɗana Hamadu ne, mai kaɗa jitar bas, mai kaurin amo, a bukukuwa. Ya cusa soson katifar da ya yanko ƙarƙashin tsirkiyoyinta biyar.

"Inna, soson ke danne amon, ya fito kamar a tsofaffin fayafayai."

"Kiɗan tsofaffi ka sani, tsohuwarka kuma ta mutu da tsoro?"

Har yau ya ƙi maido min, wai sautin ya zauna. Jama'a, in naku ne, me za ku yi masa?