Muryar Sagir a Bakin Nazifi

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sagir, kuma sai bana na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Ba abin faɗa na rasa ba. Mahaifinmu ne yake raye, ni kuwa na ƙudurta ba zai ji wannan magana ba, ko a jarida ko a bakin wani. To, Allah ya karɓi abinsa bayan babbar sallah, Allah ya jiƙansa, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Gidanmu a unguwar Takur gidan karatu ne. Malam, mahaifinmu, yana koyar da littattafai a zaure tun kafin a haife mu, Sagir kuma a gabansa ya sauke Alƙur'ani. Sai ga yaro ya dawo daga makarantar gaba da sakandare rataye da jita mai jona wuta. Shi da abokansa uku suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Tartsatsi, suna irin kiɗan nan mai ƙara da ake ce wa rok, amma da Hausa tsantsa, wani lokaci har da garaya a ciki. Mutanen unguwa suka ce yaran nan sun sha wani abu. Ni kaina na sha ce masa, "Kai dai Sagir, wannan kiɗa ne ko injin markaɗe?" Sai ya yi dariya ya ce in jira in ga bidiyonsu.

Na kuwa gani. Ba su ari motar kowa ba, ba su je otal ba. A kan duwatsun bayan gari suke ɗauka, ko a gindin dabino, sanye da yadin da suke zuwa masallacin Juma'a da shi, ƙafa da silifas. Akwai wanda suka ɗauka a Buji lokacin kaɗe riɗi, mata na shiƙa a bayansu ko kallonsu ba sa yi. Sagir yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a motsa baki a bidiyonsu. Sauran mawaƙa a situdiyo suke gama waƙa, su zo gaban kyamara su yi ta bin ta da leɓe. Su kuwa janareta suke ciccibawa har kan dutse, su jona kaya, su yi waƙar a nan take. In akuya ta yi kuka, ta shiga ke nan. Ya taɓa ce mini, "Yaya, in kin ga bakina a buɗe a hoto, to sautin da kika ji daga nan ya fito. Ba zan yi wa mutane ƙarya da fuskata ba."

Malam bai taɓa son abin ba, bai kuma taɓa yi masa baki ba. Addu'a kawai yake yi masa.

A hanyar Kiyawa mota ta buge Sagir a kan babur, yana dawowa daga duba wurin da za su ɗauki sabuwar waƙa. Ya bar mata da jaririya, Hanifa. Bayan sadakar bakwai Malam ya sa aka kira abokan nan uku zaure. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da iyaye ke roƙa idan mawaƙi ya rasu: a sauke abin da ya bari, kada a ci gaba da kallo ana rubuta masa zunubi yana kwance a kabari. Ina daga bayan labule. Malam ya ce, "Ku taimaki ɗan'uwanku. Shi yanzu ba zai iya goge komai ba, ku ne za ku iya." Nazifi, mai buga musu ganga, wanda ya ci tuwon gidanmu har ba a ƙirga shi a baƙi, shi ya fi kowa kuka. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ko ɗigo ba za mu bari ba."

Suka sauke komai daga intanet. Mu ma muka bi wayoyinmu muka goge, ni da matarsa da ƙannenmu. Da hannuna na goge nawa, don na yarda gata muke yi masa.

Bayan kamar shekara biyu ina cikin adaidaita sahu zan je kasuwa, direba ya kunna waƙa a wayarsa. Wallahi sai da na dafe ƙarfen da ke gabana. Muryar Sagir ce, har ɗan shaƙewar nan da yake yi in ya ja baiti. Na ce, "Malam, ara mini wayar nan in gani." Sai ga Nazifi a saman wani bene a Kano, da baƙar rigar fata a wannan zafi namu, da baƙin tabarau, ana busa hayaƙi ta bayansa, ga wata doguwar mota a ƙasa. Ya rungume jita, Nazifin da ko ɗaure mata tsirkiya bai iya ba. Bakinsa na motsi, muryar ƙanena na fita. Direban ya ce, "Hajiya, ai yaron nan ɗan garinmu ne, Allah ya ba shi murya."

Ashe waƙoƙin da Sagir ya naɗa bai kai ga fitarwa ba ne abokan nasa suka ɓoye. Suna tsakuro su ɗaya bayan ɗaya.

Na kira Nazifi a ranar. Na zaci zai yi musu, ko ya ji kunya. Ina! Cewa ya yi, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Babu sunansa, babu hotonsa, wa zai ce nasa ne? In ma zunubi ne ai kaina ya dawo. Taimakonsa na yi." Na ce, "Nazifi, mala'ikun ma a bidiyo suke gane mai murya?" Ya kashe wayar. Har yau bai sake taka ƙofar gidanmu ba, ko gaisuwar rasuwar Malam saƙo ya aiko.

Shekara huɗu ina haɗiye wannan. Malam yakan ce, "Yaran nan sun cika alkawari, Allah ya yi musu albarka," ni kuma in ce amin. Duk wanda ya kunna waƙar kusa da zaure sai ya gamu da masifata, har aka fara cewa na zama mafaɗaciya.

Nakan tambayi kaina abin da Sagir zai ce da ya ga Tartsatsin yau. Ana hira da su, ana yaba shigarsu, ana cewa sun fito da Jigawa. Rigar fatar nan dariya za ta ba shi, na san halinsa, sai ya tsokani Nazifi har ya cire ta. Amma leɓen nan da ke bin muryarsa, wannan kam ba zai yi dariya ba. Abu ɗaya ya ƙi a sana'arsa, shi kuma aka yi da shi bayan ba shi da bakin hanawa. An ci amanar tsoho a zaurensa, an ci amanar mamaci, mu kuma da muka cika alkawari mu ne muka tashi hannu rabbana.

Wadda ta fi kowa asara ita ce Hanifa. Ba ta san tafiyar ubanta ba, ba ta san yadda yake dariya ba, don mun goge. Kwanakin baya na same ta a tsakar gida da wayar uwarta, tana bin waƙar tana kaɗa kai. Ta ce, "Gwaggo, ni fa duk mawaƙa na fi son muryar wannan mai tabarau." Na zauna a bakin tabarma. Malam ya riga ya tafi, babu sauran wanda nake karewa. Na ce, "Hanifa, wannan ba muryarsa ba ce. Ta babanki ce."

Ta dube ni, ta dubi wayar. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma da ta tambaya ban san ta inda zan fara ba. Ya kamata in karɓe wayar, haka Malam zai so, kuma har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Allah ya yafe mana, ya yafe wa Sagir, ya haskaka makwancinsa. Ban karɓe ba. Ina kallo ta mayar da waƙar farko, ta kife wayar a kan tabarma, ta kwanta ta kara kunnenta a bayanta.