Ɗamarar Sualihu Mai Doya

Sualihu dillalin doya ne a kasuwar Salaga, kuma shi ya kawo kareti garin a shekarun tamanin. A gidan bidiyo ya koya. Ba ya jin yaren 'yan fim ɗin, don haka dokokin da bai gane ba sai ya ƙirƙiro nasa.

Ya buɗe makaranta a bayan rumfarsa. Babbar dokarsa ita ce ba a wanke ɗamara: fara take zuwa, gumi da ƙasa ne ke mayar da ita baƙa, kuma wanda tasa ta fi baƙi shi ne malami. Ta Sualihu har ƙuda ba ya sauka a kanta.

Almajiransa biyu suka kai sana'ar garuruwan Yendi da Bawku. Na Yendi suka ce ba a dukan wanda ya girme ka sai ka durƙusa ka gaishe shi. Na Bawku suka ce sai ka faɗa wa mutum inda za ka doke shi, don kada a ce ha'inci. Sualihu bai hana kowa ba.

Wata Juma'a matarsa Barakatu ta gaji da wari, ta jiƙa ɗamarar da sabulu da toka. Ya dawo daga masallaci ya tarar da ita kan igiya, fara fat.

"Barakatu, me kika yi?"

"Wanki na yi, Maigida. Kaji ma sun daina shiga ɗakin."

Da la'asar ya ɗaura abarsa, ya wuce ƙarshen layin almajirai ya tsaya. Muniru mahauci, wanda ɗamararsa ke bin ta Sualihu wajen dauɗa, ya roƙe shi ya koma gaba.

"Ni na kafa dokar," in ji Sualihu. "In na karya, wa zai bi? Ba ni tsintsiya, Malam."

Bayan wata guda mutanen Yendi da Bawku suka sauka daga lori, suna gardama: gaisuwa ce farko ko sanarwar duka? Suka sami Sualihu yana shara. Ya ce sabon shiga ba ya magana gaban manya, ya nuna musu Muniru. Sai Muniru ya gasa musu nama. Suka ci, suka koma, kowa da dokarsa.

Sualihu ya ci gaba da ɗaukar doya a ƙugu don ɗamarar ta yi saurin dauɗa. Zuwa shekarun casa'in ta kai ruwan ƙasa, amma gwiwoyinsa sun ƙi. Ya koma zama bakin ƙofa yana gadin takalma.